Mabuɗin da Ban Ba Batula Ba

Ku ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu kuke tura mini ita a fuska, wai in ga Baturiya tana zamiya a kan ƙanƙara da bindiga a baya, ta tsaya ta harba sau biyar, kuna dariya kuna cewa ai wannan ko kakarku za ta iya. To kakarku ta zo ta gwada. Ni na san abin da ke cikin wannan tsayuwar, don na yi shekara ashirin da wani abu ina kula da bindigogin irin wannan wasa, ban da gyaran mizani da kuka san ni da shi a nan kasuwar Omdurman. Tun da kun ce sana'a kuka zo koya, ku zauna ku ji.

Aikin farko da aka sa a hannuna mizanin wani mahauci ne, mai faranti biyu, kitse ya daskare a duk gaɓoɓinsa har harshen ba ya motsi. Maigidana Usta Babikir ya ba ni kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori, ya ce kada in nuna masa fuskata sai ƙarfe ya fito. Kwana biyu na yi a kansa. Na wanke wuƙaƙen da sandar take hawa, na goge tsatsa da magagari, na gwada duwatsun awo ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, harshen ya tsaya ɗan gefe, bai kai tsakiya ba. Na miƙa hannu zan taɓa ɗan notin da ke ƙarshen sandar, sai na ji dukan filaya a bayan hannuna. Usta ya ɗauke mizanin, ya juya mini baya, ya rufe da hannun jallabiyarsa, ya yi abin da zai yi, ya juyo da shi harshe a tsakiya cif.

Haka al'adar take a layinmu, kuma ba rowa ba ce kawai. Wanda ya san yadda ake kawo harshen mizani tsakiya ya san yadda ake kauda shi. Na ga wani ɗan kasuwar sukari ya zo da fara'a da ledar dabino yana roƙon Usta ya ɗan karkata masa nasa, kaɗan dai yadda ba mai lura. Usta ya jefa masa dabinon a titi. Da mutumin ya tafi Usta ya ce mini da ni ya samu a shagon ni kaɗai, kuma na san notin, da yanzu matan unguwa suna sayen iska a madadin sukari. Saboda haka noti na ƙarshe na maigida ne shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya na yi a gabansa kafin ya nuna mini, shi ma sai da idonsa ya fara mutuwa.

Bindiga ta shigo rayuwata ne ta hannun wani likita da nake gyara wa mizanin jarirai. Wata rana ya zo da doguwar jaka, ya fito da bindigar iska, irin wadda ake jan hannu a gefe ta cika, a sa mata ƙwayar dalma guda ɗaya ƙarama. Ya ce ta daina riƙe iska, kuma ba mai kayanta a ƙasar nan. Na buɗe na ga robar ciki ta bushe ta tsattsage, zafinmu ya cinye ta. Na yanko fata, na jiƙa a mai kwana uku, na datse ta daidai bakin, ta riƙe. Bayan wata ɗaya likitan ya kai ni wani kulob a Khartoum inda suke harbin takarda, suna da irinta guda tara, shida a mace. Daga nan na zama mai bindigogin kulob, kwana uku a mako ina tsallaka gada da akwatin kayana.

Ku da kuke ganin harbi ɗaga bindiga ne da jan kunama, bari ku ji abin da ake yi kafin a kai nan. Bututun ana share shi da zare da ɗan ƙyalle, daga baya zuwa gaba, ba a taɓa sa ƙarfe a ciki. Ƙwayoyin dalma suna zuwa a gwangwani, a ido duk ɗaya suke, amma ni sai na zauna da ƙaramin mizanin maƙeran zinariya ina auna su, masu nauyi gefe, marasa nauyi gefe, wadda gindinta ya lotsa a zubar. Kunama kuwa in ta yi tauri hannu zai ja baki gefe, in ta yi laushi ta tashi kafin mutum ya shirya. Sai saiti, wato ɗan idon da ake leƙawa ta baya. Yana da mamurɗa biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Ɗan murɗi kaɗan a nan yana kai ƙwaya faɗin yatsa a can kan takarda.

Waɗannan mamurɗan su suka hana ni barci a shekarun farko. 'Ya'yan manya za su zo da yamma, kowa ya ɗauki bindiga ya murɗa yadda ya ga dama, in ya kuskure ya ce Usta Haruna bai iya aiki ba. Raina ya ɓaci. Na cire mamurɗan gaba ɗaya daga bindigogi tara, na goge kan notukan da magagari suka zama masu kusurwa uku, yadda ba sukuddireban da zai kama su. Sannan na ƙera ɗan mabuɗi daga wani ƙarfen tsohon keken ɗinki, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗaura masa zare na maƙale a aljihun jallabiya. Duk mai son a gyara masa saiti ya zo wurina, in juya baya in gyara. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har nakan ba da labarinta a wurin shan shayi.

Batula ta zo wata ranar Talata ina tsakiyar auna dalma. Yarinya ce doguwa siririya daga unguwar Mayo da ke kudancin Khartoum, iyayenta tsofaffin masu tsinkar auduga ne a Jazira, uban ya rasu, uwar tana sayar da shayi a bakin kasuwar Suk al-Arabi. Ta gaishe ni da Hausa, don ta ji an ce ni ɗan gida ne, ta ce tana son koyon harbi. Na tambaye ta me ya kawo 'yar mai shayi wurin nan. Ta ce a talabijin na wani mai sayar da ful, dafaffen waken nan, kusa da teburin uwarta ta ga wata Bafaranshiya tana gudu a kan ƙanƙara da katako biyu a ƙafa, ta iso tana haki, ta tsaya cak, ta kayar da faifai biyar, ta wuce. Ta ce tun ranar ba ta iya cire abin a ranta ba. Na yi dariya har dalma ta zube, na ce to sai ta jira ranar da ƙanƙara za ta sauka a Mayo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta bincika, akwai irinsa da ake yi da ƙafa a fili, a yi gudu a tsaya a harba, kuma gudu dai ta riga ta iya, duk makarantun kudancin gari sun san ta. Ban san ko matar da ta gani ita ce wannan ta cikin wayarku ba, ni duk kamarsu ɗaya a cikin hular nan.

Don in kore ta na miƙa mata bindiga mafi nauyi na ce ta riƙe a kafaɗa har in gama shayina. Na sha a hankali da gangan. Bakin bindigar bai motsa ba. Daga baya na gane dalili: tun tana shekara goma take ratsa cunkoson Suk al-Arabi da tire cike da kofunan shayi, tsakanin motocin hafila da kekunan raksha da masu tura amalanke, kuma in ta zubar uwarta ba ta yafewa. Hannun da manya suke biyan kuɗi su samu, ita tire ya ba ta.

Amma hannu a huce daban, hannu bayan gudu daban, nan ne wasan yake. Ka zagaye fili da iyakar ƙarfinka, zuciya tana dukan haƙarƙari, ka ɗora kumatu a kan katako ka leƙa, za ka ga faifan yana tsalle da kowane bugu. Ba a jira zuciya ta kwanta, in ka jira an wuce ka. Sai dai ka saki rabin numfashi, ka riƙe sauran, ka matsa kunama a ɗan tsakanin bugu da bugu. Kuma ba a barin ka ci gaba sai faifan nan sun faɗi, ko a tsare ka a gefe kana kallon bayan mutane. Wani malamin motsa jiki ya ɗauki ɓangaren gudu, ni na ɗauki harbi. Ranar farko da muka haɗa biyun ta harba goma sha biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta zauna a ƙasa ta yi amai. Na ce ta tashi ta sake, ta tashi.

Shekara huɗu muka yi a haka. Da asuba take gudu a bakin titi da dogon wando da ɗankwali, masu raksha suna mata horn suna tambayar wa ya biyo ta, matan unguwa suna ce wa uwarta ta bar 'ya tana tsere kamar ɓarauniya. Da rana tire, da la'asar kulob. Na ware mata bindiga ɗaya, na rage tsawon gindin ya dace da kafaɗarta, na ɗan fafe inda kumatunta yake sauka. Ta kai inda take kayar da biyar da ƙwaya biyar tana haki, mazan kulob suka daina zuwa ranar da take atisaye. Komai na koya mata, sharar bututu, yankan fata, zaɓen dalma. Abu ɗaya ne in ya taso nake karɓar bindigar in juya baya.

Ta taɓa tambaya ta yadda ake saitin sau ɗaya a shekara ta biyu, na ce aikinta harbi, nawa saiti. Sai ga maganar tafiya. An shirya gasa a wata ƙasa ta arewacin Afirka, aka ce 'yan matan da suka zo a sahun gaba za a ɗauke su horo na shekara biyu a Faransa, da ci da kwana da makaranta. Batula tana da ashirin da huɗu a lokacin, ta san wannan ƙofar ba za ta buɗe mata sau biyu ba. Ni na ɗauka da ni za a je. Da takardar ta fito, kujeru uku ne, ɗaya tata, biyu na manyan kulob. Na ji zafin abin sosai, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwar kowa.

Ranar tafiya da safe na saita bindigar da kaina, ƙwaya biyar a rami ɗaya. Na ɗiga jan farce a kan notukan don kada su motsa, na naɗe ta da bargo, na rufe akwati. Uwarta tana tsaye a ƙofar kulob da ledar gyaɗa da ta soya mata. Batula ta matso kusa ta yi ƙasa da murya, ta kira ni yadda ta saba, Ammu, wato baffa.

"Ammu, ka ba ni mabuɗin in tafi da shi. In na dawo zan mayar maka."

Hannuna yana cikin aljihu a kansa. Na ce mata, "Abin da na saita ba ya motsi, 'yata. Ke dai ki harba."

Ba don ina tsoron ta ɓatar da shi ba ne. Ban taɓa nuna mata wane gefe ake murɗawa ba, kuma ba na son in tsaya a gaban manyan nan da suka cinye kujerata ina koyar da noti na ƙarshe a bakin titi. Na ga kamar in na ba ta, shi ke nan an tabbatar ba a bukatata. Ta dube ni, ta ce to, ta ɗauki akwatin.

Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, bayan kwana tara, a nan inda kuke zaune. An jefa akwatin a cikin jirgi kamar buhun albasa, kusurwarsa ɗaya har ta fashe. Kafin gasa ana ba kowa ɗan lokaci ya gwada a takarda. Ta harba biyar, ta duba, duk suna wuri ɗaya amma yatsa biyu hagu da baƙin ɗigon tsakiya. 'Yan matan da ke gefenta su ma nasu ya kauce, kowacce ta sa yatsa ta murɗa ƙas ƙas ta gyara, abin da bai kai shan ruwa ba. Ita ta kai hannu ba abin murɗawa. Manyan kulob suna can rumfar baƙi. Wani dattijo mai kula da bindigogin wata ƙasa ya ga halin da take ciki, ya buɗe akwatinsa ya gwada duk abin da yake da shi, ba wanda ya kama kusurwa uku. Ya nemo filaya, notin ya nutse a rami, bakin bai shiga ba. Ya tambaye ta wane ne ya yi wa bindiga haka, ta ce malaminta. Sai aka busa usur.

Ita ta fara isowa wurin harbi, ta ba ta biyu tazara mai kyau. Ta yi ƙoƙarin kauda baki dama da faifan da ido, amma ta wannan ɗan ramin, da zuciya tana duka, ba a auna yatsa biyu a iska. Tana tsaye tana ɓarin dalma, waɗanda ta bari a baya suka zo suka harba suka tafi. A zagaye na biyu ta sake kamo rabinsu da ƙafa, ta sake tsayawa. Ita ce ta ƙarshe da ta shigo. Da ta gama ba ni labari ta ciro takardar gwajin ta shimfiɗa a kan teburin nan. Ramuka biyar, ɗan yatsana ɗaya ya rufe su duka. Ban taɓa ganin harbi mai kyau irinsa ba, kuma a ƙasar mutane.

Kun san abin da na ce? Na zagi masu lodin jirgi. Na zagi manyan kulob, na zagi wanda ya ƙera akwatin. Ta bar ni na gama, ta gaishe ni, ta tafi. Ba ta sake zuwa atisaye ba. Bindigar na ɗauko ta na kawo gida, na tono mamurɗan da na cire shekara da shekaru daga cikin wani gwangwanin madara, na fara mayar da su. Na kuma ƙera mabuɗi na biyu don sauran bindigogin, na ce a raina nata ne. Azumi ya kama, na ce bari a sha ruwa, bayan Salla in hau hafila in je Mayo da kaina in kai mata. Kullum ina cewa bayan Salla.

Ba a kai Salla ba yaƙi ya ɓarke, wannan kuma ba sai na ba ku labari ba, kuna nan. Gada ta rufu. Aka fara shiga gida gida, kuma duk wanda aka samu da abu mai kama da bindiga ba a tsayawa tambayar ko ta iska ce. Na kwance ta da hannuna. Katakon da na fafe daidai kumatunta muka hura wuta da shi muka dafa waken adas, bututun na jefa a masai. Da hanya ta buɗe na tsallaka na je kulob, ko ƙofa ba a bari ba, sauran takwas ɗin ba wanda ya san inda suka yi. Na tambayi mutanen Mayo da na gamu da su, wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce bai sani ba.

Watanni kaɗan da suka wuce ina zaune a nan wata mata ta ajiye mizani a gabana, irin na masu albasa, farantinsa ɗaya a lanƙwashe. Sai da ta ce "Ammu" na ɗaga kai. Ta yi jiki, tana ɗan jan ƙafar hagu, ta ce wani abu ne ya same ta a hanya, ba ta faɗi ko mene ne ba, ban tambaya ba. Uwar ta rasu a inda suka yi gudun hijira. Yanzu tana unguwar Kalakla wurin 'yar uwarta, tana sayar da albasa da adas a bakin titi. Ta ce masu saye suna ƙorafi harshen ba ya tsayawa tsakiya, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata shi ba sai ni.

Na wanke, na miƙe farantin, na goge wuƙaƙen. Da na zo kan noti na ƙarshe sai na ji jikina yana juyawa da kansa, shekara arba'in na saba. Na tsaya. Na jawo mizanin tsakaninmu, na ce ta sa hannu, na nuna mata in harshe ya yi nan a murɗa nan. Sau ɗaya ta murɗa ya zauna. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Sai na ciro mabuɗin nan na biyu daga aljihu na miƙa mata, na ce tun kafin yaƙi na ƙera shi, nata ne, kuma laifin ranar nan ba na masu lodi ba ne, nawa ne.

Ta karɓa ta jujjuya shi. Ta ɗora shi a kan faranti ɗaya na mizanin da muka gama gyarawa, muka zuba ido, harshen ko gezau bai yi ba.

"Ka gani, Ammu," ta ce, "ko nauyi ba shi da shi. Da aljihuna ya ɗauka."

Ta cire shi ta ajiye a kan tebur, ta ce ba ta da abin da za ta buɗe da shi yanzu. Ta naɗe mizaninta a cikin mayafi, ta yi mini sallama, ta fita tana jan ƙafa wajen tashar Kalakla. Ga shi nan kusa da takardar, inda ta bar shi. Kuna iya ɗauka ku duba, ba abin da yake kamawa a garin nan kuma.